Kwana uku a Gondar: yadda wani mai hoto daga Jos ya yi fama da jerin gwanon Timkat

Wanda wannan bayani ya shafa mai hoto ne a Jos, shagonsa na kan titin Bauci. Ƙanena ne a sana'a, don wajen maigida ɗaya muka yi zaman koyo, na riga shi buɗe shago da shekara huɗu. Da izininsa na rubuta, bisa sharaɗin ba zan kama sunansa ba. Lokuta da alƙaluman da ke ciki na ɗebo su ne daga littafin aikinsa da kuma bayanan da kyamara ke maƙalawa a jikin kowane hoto.

Asalin aikin: Nuwamba zuwa Disamba 2018

Shekararsa 13 yana hoton biki da suna da walimar sauka. Duk Sallah yakan bar yara a shago ya tafi Zariya ko Bauci hawa, kuma ya ɗauki Nzem Berom, bikin al'adun Berom, a nan Jos ba sau ɗaya ba. Ya san dawaki. Ya san daidai lokacin da mahayi zai ja linzami ya ɗaga mashi a jahi, har yakan danna kafin ƙura ta tashi.

A Nuwamba 2018 wata Hajiya da ke shirin buɗe gidan abinci a Wuse, Abuja, ta nemi ya kawo mata hotuna 12 na bukukuwan al'adun Afirka, manya, inci 24 da 36, waɗanda za a sa a firam a jera a bango. Ta ce na hawan Sallah sun yi yawa a gari, tana son abin da ba a saba gani ba. Shi ya kawo shawarar Timkat na ƙasar Habasha, don ya sha ganin hotunansa a intanet, kuma a watan ne Habasha ta fara bai wa 'yan Afirka biza a filin jirgi. Hajiya ta amince, ta ba da kafin alƙalami wanda ya biya tikiti da masauki. Maganar da suka yi ba ta wuce "bikin gargajiya mai laimomi da fararen kaya" ba.

Timkat bikin Cocin Otodoks na Habasha ne, na tunawa da baftismar Yesu Almasihu, Annabi Isa, a Kogin Urdun. Ana yin sa ranar 19 ga Janairu, ko 20 a shekarar da Fabrairu ke cika kwana 29. Jigonsa shi ne tabot, wani allo mai tsarki da kowace coci ke ajiyewa a ƙuryarta a matsayin kwatancin Akwatin Alkawari. Ba a nuna shi tsirara. Naɗe shi ake yi a ƙyalle mai ado, limamin coci ya ɗora a ka, a rufe shi da laimomi. Ranar jajibiri, wadda suke kira Ketera, ana fito da tabot na majami'u a raka su bakin ruwa, a kwana ana addu'a. Da asuba a tsarkake ruwan a yayyafa wa jama'a, sannan a mayar da kowane cocinsa. Na Mala'ika Mika'ilu yakan ƙara kwana, sai rana ta uku ake raka shi gida.

Ya zaɓi Gondar, wani tsohon birni a arewacin Habasha, maimakon Addis Ababa saboda wurin. Sarki Fasiladas ne ya mayar da ita babban birni wajen 1636, gidajen sarautarta na dutse suna cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1979, kuma a wurin wankan da ake dangantawa da sarkin, kimanin kilomita 2 daga tsakiyar gari, ake taruwa. Tafki ne ginanne mai soro a tsakiya, saiwoyin manyan itatuwa sun lulluɓe katangarsa, ana cika shi da ruwa saboda wannan biki.

Shirin da ya yi da wanda bai yi ba

Kaya kam ya haɗa: kyamara biyu, dogon madubi mai jawo nesa na 70–200, gajere na 35, filashi, mai ƙafa uku, batir huɗu, katin memori uku. Ya sa kyamarorin su riƙa ajiye hoto a JPEG, tsarin da ke matse hoto ya rage masa nauyi, don kada katin ya cika.

Bai nemi taswirar hanyar da jerin gwanon ke bi ba. Bai nemi kowa a garin ba. Masauki kuma sai mako biyu kafin tafiya ya nema, alhali ɗakunan tsakiyar Gondar kan ƙare tun da wuri a lokacin Timkat, farashi ya ninka. Wanda ya samu yana bayan gari, tafiyar minti 25 a keke mai ƙafa uku, wanda can suke kira bajaj. Ya tashi daga Abuja ranar Laraba, 16 ga Janairu 2019, ya kwana a Addis Ababa, ya sauka Gondar ranar Alhamis.

Juma'a, 18 ga Janairu: jajibiri

Daren Alhamis ya tambayi yaron masauki yaushe za a fito. Yaron ya ce ƙarfe 8. Da ƙarfe 7 da rabi na safe yana tsaye a Piyassa, tsakiyar gari, da jaka a baya. Shiru. Tituna an ƙawata su da tutoci kore da rawaya da ja, mata na wucewa da kaya a ka, amma babu alamar taro. Ya jira har 10, sannan ya shiga gidajen sarauta ya cinye batir ɗaya da rabi a kan gine-gine.

Yaron bai yi masa ƙarya ba. Mutanen Habasha suna fara ƙirga awa ne daga wayewar gari: abin da agogon waya ke kira 7 na safe, su ƙarfe 1 ne. Ƙarfe 8 nasu na rana, 2 ne na azahar.

Ya tafi masallacin Juma'a, don Gondar tana da tsohuwar al'ummar Musulmi. Bayan sallama wani dattijo tela ya kalli hularsa ya ce, "Takruri?" Sunan da tun zamanin tafiya Makka a ƙafa ake kiran mutanen yammacin Afirka da shi ke nan a wancan yanki. Suka gaisa da guntun Larabci da guntun Turanci, dattijon ya rubuta masa lambar waya a bayan takardar awo. Ya sa a aljihu, ya koma masauki ya huta, yana zaton an ɗaga fitowar zuwa dare.

Wajen ƙarfe 3 ya jiyo ganguna. Kafin ya fito an tare tituna, bajaj ba ya wucewa. Ya taka da ƙafa, ga kaya kusan kilo 9, ga gari mai tsayin sama da mita 2,000 daga teku. Mutumin Jos ne, ya saba da tudu, amma Jos ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba, numfashinsa ya gaya masa bambancin. Ya iso ta bayan taro. Abin da dogon madubi ke kamo masa ƙeyoyi ne da saman laimomi.

Sai ya yi abin da yakan yi a Zariya idan hawa ya wuce shi: ya bi lungu da gudu ya ɓullo ta gaba. Ya tarar da samari suna shimfiɗa jan kafet a kan titi, limaman da ke ɗauke da tabot su taka a hankali, wasu samarin su naɗe na baya su rugo da shi gaba a kafaɗa. Tsakiyar titi fayau, babu kowa. Ya faɗa ciki, ya durƙusa a kan kafet ɗin da takalminsa, ya saita fuskar limamin farko, ya saki filashi sau uku.

Hannu biyu suka kama shi ta hammata suka ɗaga shi cak zuwa gefe. Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya zage shi. Wani saurayi mai riƙe da sanda ya nuna takalminsa, ya nuna kafet, ya girgiza kai. Wata tsohuwa da ke kusa ta ja mayafinta ta rufe baki tana kallonsa. Ya ce mini wannan kallon ya fi masa mari zafi.

Ranar ya ɗauki hoto 640. Da ƙarfe 9 na dare agogon Jos ya kira ni. "Yaya, na yi asara. Babu ko ɗaya." Na tambaye shi wa ya sani a garin. Ya yi jim, sannan ya tuna da takardar awo.

Daren Juma'a zuwa asubar Asabar

Dattijon bai yi barci ba, yana ƙarasa ɗinkin fararen kayan biki na maƙwabta. Ya saurari labarin kafet, bai ce komai a kai ba, ya aika aka kira masa ɗan maƙwabcinsa, ɗalibin jami'a da ke cikin ƙungiyar mawaƙan cocinsu. Yaron ya zauna a kan benci ya zana masa hanya a littafin aikinsa: inda majami'u ke haɗuwa, inda ake tsayawa a yi waƙa, inda titi ke ƙuntata. Kowane lokaci ya rubuta shi sau biyu, na Habasha da na waya. Ya kuma gaya masa iyakoki. Kada ya shiga tsakanin tabot da masu rakiyarsa. Kada ya taka kafet. Kada ya haska filashi. Idan zai ɗauki mutum kusa, ya ɗaga kyamara ya haɗa ido da shi tukuna.

Ƙarfe 4 na asuba suna bakin tafkin. Akwai dandamalin katako mai hawa-hawa da aka kafa wa baƙi, daga nan ake hango ruwan sosai, amma ya cika tun kafin su zo. Ya tsaya a ƙasa cikin jama'a. Mai ƙafa uku ya zame masa kaya, babu inda zai kafa shi ba tare da ya tokare wani ba, ya naɗe shi. Sanyi ya sa batir ɗaya ya mutu yana nuna rabi, sai ya koma ajiye sauran a aljihun ciki kusa da jiki.

Nan ne ya cire dogon madubi ya sa na 35, kuma nan ne aikin ya fara motsi. Dubban mutane ne lulluɓe da farin mayafin auduga, da yawa riƙe da siririn kyandir, hasken na bugun fuska daga ƙasa. Ya buɗe idon madubin zuwa f/2, ya kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 3200, saurin ƙiftawa 1/125. Kyamara ta kasa kama saiti a duhu, tana kai da komo, sai ya riƙa ɗora ma'aunin a kan hannun da ke riƙe da kyandir inda haske da duhu suka haɗu. Wata mata da goyo tana tsaye taku biyu daga gare shi, leɓenta na motsi. Ya ɗaga kyamara ya jira. Ta kalle shi, ta ɗan sunkuyar da kai, ta ci gaba da addu'arta. Ya danna sau biyu ya sauke.

Gari ya waye wajen 7 saura. Babban limami ya tsoma gicciye a ruwa, guɗa ta kaure, samari suka yi ta faɗawa tafkin. Wannan shi ne hoton Gondar da duniya ta sani, kuma bai same shi ba: daga inda yake, bayan mutane kawai yake gani da feshin ruwa a sama. Da aka fara watsa ruwan ga jama'a ya rufe kyamara da leda ya ja baya. Hoto 410 ya ɗauka a wannan zama.

Asabar, 19 ga Janairu: rana tsaka

Da hantsi aka ɗauki hanyar komawa. Yanzu ya san hanya, ya kiyaye iyaka, amma bai bar bin taro ba. Awa biyar yana tafiya da baya-baya a gefen titi, yana canja madubi cikin ƙura. Abin ɗauka kuwa ga shi nan birjik: dikinoni, wato mataimakan limaman coci, da manyan gicciye na azurfa, masu buga kebero, babbar gangar coci mai baki biyu, limamai a sahu biyu suna kaɗa wani ƙaramin kacau-kacau na ƙarfe mai suna tsenatsil suna lilo da sandunansu. Ya ɗauki sama da 900.

Da dare ya buɗe su a kwamfuta. Fararen kaya sun koma ruwan toka, fuskoki sun dushe har ba a gane ido. Dalilin sananne ne ga duk mai sana'ar. Mitar hasken kyamara tana ɗauka cewa duk abin da ke gabanta matsakaicin haske ne, to idan fari ya cika hoton sai ta zaci haske ya yi yawa ta rage. Farin ya yi datti, baƙar fata ta nutse. A filin Idi ma haka ke faruwa da manyan riguna, sai dai a gida filashi ne ke rufa masa asiri, nan kuwa an hana shi. Ya gwada ɗaga hasken a kwamfuta, amma JPEG ba ya barin wurin gyara mai yawa, fuskokin suka fashe da ɗige-ɗige. Ga kuma tabon ƙura uku a sama, wuri ɗaya a kowane hoto, sakamakon canjin madubi.

Lahadi, 20 ga Janairu: rakiyar tabot na Mika'ilu

Sauran dama ɗaya. Yawancin baƙi sun kama hanyar filin jirgi, ba su san akwai rana ta uku ba.

Ya kwashe katunan zuwa kwamfuta, ya mayar da kyamarorin RAW, tsarin da ke ajiye hoto ba matsi don ya karɓi gyara. Ya share ƙura, ya ɗaura wa kowace kyamara madubinta, da niyyar ba zai kwance ba har dare. Filashi da mai ƙafa uku ya bar su a masauki. Da safe shi da ɗalibin suka taka hanyar tun babu kowa, suka tsaya a wata kwana inda titi ke ɗan hawa. Wurin yana da amfani uku: masu tahowa daga gangare suna bayyana sahu bisa sahu maimakon na gaba ya tare na baya, kwanar tana rage musu sauri, kuma ranar la'asar za ta bugi fuskokinsu ta gefe. Akwai shagon mai sayar da gahawa da matakala huɗu a ƙofarsa. Ɗalibin ya yi mata bayani, ta ba shi kujera a matakalar sama. Ya sha gahawa kofi uku a awa ukun da ya yi yana jira, ya ɗauki 'ya'yanta hoto ya nuna musu.

Haske kuma ya karɓe shi daga hannun kyamara. Ya gwada a kan mayafin mai shagon da fuskarta, ya kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda fari ya ƙone, ya riƙa ƙarawa har ta fara ƙyaftawa, sannan ya rage kaɗan. Ya tsaya a ISO 200, f/8, 1/640, yana sassautawa yayin da rana ke sauka.

Wajen 4 suka ɓullo. Samari masu sanduna da waƙa ne a gaba, sai mawaƙan coci cikin kaya iri ɗaya, sai laimomi. Daidai kwanar aka tsaya, kamar yadda zanen ya nuna, aka kusan minti 20 ana waƙa. Bai motsa daga matakalar ba. Da tabot ya zo daidai shagon, mutanen da ke kewaye da shi suka rusuna, shi kuma ya sauke kyamara har aka wuce. Hoto 280 ya ɗauka ranar.

Sakamako: Fabrairu 2019 zuwa gaba

Mun zauna tare a shagona muka tace. Waɗanda za su jure bugu a inci 24 da 36 guda 12 ne cif: babu ko ɗaya daga Juma'a, 4 daga asubar Asabar, 1 daga ranar Asabar, 7 daga Lahadi.

A Abuja wata matsalar ta taso. Hajiya ta yaba aikin, sannan ta ware guda uku da gicciye ya fito sosai ta ce, "Malam, ai wannan ibadar mutane ce, ban ga dacewar in rataye ta a kan masu cin tuwo ba." Na huɗun, na matar nan mai goyo, shi da kansa ya janye. Ta karɓi 8, aka cike 4 da tsofaffin hotunansa na Hawan Daushe, aka rage kuɗi daidai da haka. Bayan ya cire na bugu da firam, kuɗin tafiya ne kawai ya fito. Daga baya wani fasto a Bukuru, tsohon mai kawo masa aiki, ya sayi biyu daga cikin ukun. Hotunan mai shagon gahawa da na mawaƙa ya tura wa ɗalibin ta Telegram.

A Disamba 2019 UNESCO ta sa Timkat cikin jerin al'adun gado na duniya. Wata guda bayan haka, ranar 20 ga Janairu 2020, dandamalin katako na 'yan kallo ya rufta a wurin bikin na Gondar, mutum aƙalla 10 suka rasu. Allah Ya ba iyalansu haƙuri.

Hukunci

Shi har yau agogo yake ɗora wa laifin Juma'a. Ban yarda ba. Da ya gane ƙarfe 8 ɗin ma, da ya taka kafet, domin a kansa hawan Sallah ya je ɗauka. Hawa abin nuni ne: mahayi ya yi ado don a gan shi, yana so ka matso, kuma sarki na zaune wuri ɗaya kowa na zuwa gabansa. Timkat ya fi kama da zagayen Mauludi, mutane ne ke raka abin da suke girmamawa, mai kallo ba shi ne gaba ba. Wannan rashin fahimtar ce ta jawo kallon tsohuwar nan, ita ce kuma ta ci masa hotuna huɗu a Abuja, don da ya san ibada zai ɗauko da sun yi maganar da Hajiya tun kafin ya sayi tikiti.

Kuskuren haske da na JPEG na sana'a ne, dare ɗaya ya isa gyara su. Kayan da ya fi kashe wa kuɗi, filashi da mai ƙafa uku, ba su ba shi hoto ko ɗaya cikin 12 ba. Goma sha ɗaya sun fito ne daga wurare biyu da ya tsaya cik, kuma duk biyun ɗalibin ne ya kai shi. Lambar da ta haɗa su ta yi kusan awa goma a aljihunsa bai taɓa ta ba.

Abin da ban ga yadda zai yi da shi ba ko da ya shirya shi ne tsallen samari cikin tafki. Wannan sai daga sama, kuma bayan abin da ya faru a 2020 ba zan ba kowa shawarar hawa dandamalin da bai duba ƙafafunsa da idonsa ba. Ya so komawa ya nemi wata kusurwar, amma annobar korona ta shiga tsakani, sannan faɗan da ya ɓarke a yankin Amhara, inda Gondar take, tun 2023. Hoton tsallen har yanzu ba shi da shi.